Buhun Farar Ƙasa

Tana tsugune a bakin rafin gandun shaƙatawa da kwalba a hannu, sai ta ga ruwan ya gangaro fari-fari kamar an tsiyaya masa madara. Awon ruwa ne aikinta. Tun da aka sake buɗe ramin kwal a bayan tudu take zuwa nan duk mako, kuma kullum awon lafiya lau yake fita. Da awonta hukuma ta dogara, har tana shirin barin kamfanin ya rufe tafkin da yake tace ruwan ramin.

Yau ta yi sammako fiye da kullum. Ta bi farin ruwan sama, ta wuce gada, ta kutsa cikin duhuwa.

Wani tsoho, mai gadin gandun, ta tarar, wando naɗe zuwa gwiwa, yana zazzaga buhun farar ƙasa a cikin ruwan. A bayansa duwatsun rafin sun yi jawur da tsatsa, ko kwaɗo babu.

"Baba! Me nake gani?"

"Au, 'yar kwalba, yau kin riga kaji tashi." Ya yi 'yar dariyar kunya. "Tsamin ruwan nake kashewa. Bara na kwashe kifi matattu har bayana ya ƙage. Ga yara suna wanka a ƙasa."

Yara. Har da 'yarta, wadda duk ranar hutu sai an yi rigima kafin ta fito daga ruwan nan.

"Allah ya saka maka da alheri, Baba," ta ce. "Amma ashe shekara guda alherinka nake aunawa, ba ruwan ramin ba. Kai ka wanke kamfanin, ni na sa hannu."

Tsohon ya dubi buhun.

Ta ce, "In na faɗi gaskiya, sai na faɗe ka. An hana zuba komai a ruwan gandu. Suna iya sallamarka."

"Ke fa?"

"Ni ma ban tsira ba."

"To, sai mu raka juna." Ya sosa ƙeya. "In daina ke nan?"

Daga ƙasa ta jiyo ihun yaran da suka fara isowa. Ta tattare siket, ta haura bayansa, ta cika kwalbarta da jan ruwan, ta murɗe murfin tam. Sannan ta dawo ta kama gindin buhun.

"Zuba, Baba."