Ɗaya Bakin Wayar

A ɗakin binciken nan Uwar Sanyi ake ce mata, domin ita ke kula da firjin da ake sanyaya 'yar wayar gwajinsu, wadda silin gashi ma ƙato ne a kusa da ita. In wayar ta yi sanyi sosai, lantarki kan ratsa ta ba tangarɗa. Abin da Farfesa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nema a cikinta wani baƙon yanayi ne, inda ƙwayar lantarki ke zama kamar ta rabu biyu, rabi a wannan bakin wayar, rabi a wancan.

Ana gab da ritayarsa sai ga alamar a allon kwamfuta: layi ya yi tozo daidai inda lissafi ya ce. Tsoho ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, zama ya gagare shi. Ya ce a walimar sallamarsa zai sanar wa duniya.

Ita kuwa ba ta saki jiki ba, don ta san halin wayoyin nan. Ɗan tabo, ko ƙwayar zarra guda da ta zauna ba a gurbinta ba, kan tare lantarki ya yi tozo iri ɗaya sak. Datti gwanin kwaikwayo ne, abin haushi. Tozon gaskiya sai ya bayyana a bakunan biyu lokaci guda, su kuwa bakin hagu kaɗai suka auna.

Ba wanda ya sa ta. Ta so ma ta ƙyale, domin tana ƙaunar tsohon nan kamar mahaifinta. Amma hannu ya riga ya saba, ta juya ma'aunin zuwa dama. Layi ya miƙe sumul, ko ɗan tudu babu.

Ta same shi a ofis yana zuba littattafai a kwali. Ta tsaya a ƙofa, ta rasa ta inda za ta fara. Ya dube ta, ya ajiye littafin hannunsa.

"Kin duba ɗaya bakin ke nan."

"Na duba, Baba. Babu komai."

Ya zauna a kan kwalin. Sannan ya ce tun ranar da alamar ta fito yake kauce wa teburinta, don kada bakinsa ya suɓuce ya tambaye ta ko ta duba.

"Ni na koya miki, 'yata, kuma kin yi daidai," in ji shi. "Na dai so ki makara, ko zuwa bayan walimar ne."