Wayar Fankar Inna

A Bodinga nake zaune, amma aikina a Shagari yake, a sashen lafiya, inda nake shigar da bayanan rigakafin yara cikin kwamfuta. Kwanakin baya aka ce za a yi mana horo ta bidiyo, kowa daga gidansa, tare da takwarorinmu na wasu jihohi. Maimakon in damu da abin da za a koya mana, sai na shiga tunanin abin da mutane za su hango a bayana.

Falonmu ba shi da ƙazanta, wayoyi ne dai suka yi masa yawa. Batirin sola na kusurwa, daga jikinsa wayar talabijin da ta dikoda da cajoji suka fito suka sarƙe kamar taliyar da ta kwana. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wata baƙa mai kauri. Daga soket ɗin bakin ƙofa ta taso, ta ratsa tsakiyar ɗakin, ta kai ga fankar da ke gefen kujerar mahaifiyata, Inna Kulu. Inna ta dawo wurinmu ne tun da ganinta ya yi rauni. Tana bambance haske da duhu, amma mutum sai ya yi magana take gane shi.

Ranar Asabar matata Atika ta tafi bikin suna a garin Lambara da Inna da 'yarmu Nabila, za su kwana can. Motarsu na tashi na shiga kasuwa na sayo ƙusoshin maƙale waya da salatif.

Na yi aiki ranar kamar an ɗauko ni haya. Na ja doguwar kujera ni kaɗai, sai na gano dalilin da ya sa take wurin: damshi ya ci bangon bayanta. Na rufe wurin da kantar littattafai, na jera mata tsofaffin littattafaina na makaranta, waɗanda rabona da buɗe su tun jarrabawar ƙarshe. Tebur na kawo shi tsakiya, inda hasken taga zai sauka a fuskata. Wayoyi kuwa na ɗaure su dami-dami, na bi da su jikin bango ina bugawa, guduma na samun babban yatsana fiye da yadda take samun ƙusa. Baƙar wayar ta ƙi kaiwa idan aka bi da ita ta bango, don haka na ɗauke fankar da kujerar Inna na mayar da su wani gefen. Da na gama na tsaya bakin ƙofa ina kallo, har da riƙe ƙugu.

Washegari da la'asar suka dawo. Atika ce ta fara shigowa. Ta dubi ɗakin, ta dube ni, ta yi mini sannu da aiki da wata irin murya da ban gane ba sai daga baya. Inna ta cire takalmi, ta yi sallama, ta miƙa ƙafar dama tana lalube da yatsa a ƙasa. Ta shafa nan, ta shafa can, sannan ta tsaya cik.

"Auta, wa yaɗ ɗauke wayag ga?"

Na gyara tsayuwa na yi mata bayani mai tsawo a kan haɗarin waya a ƙasa, da yadda tsofaffi ke tuntuɓe su karye, har na tuna mata cewa ni ma'aikacin lafiya ne. Ta saurara har na ƙare, ta ce madalla. Ta yi gaba, gwiwarta ta bugi tebur, hannunta ya sauka kan kwamfutata. Ta ce mata gafara, a zatonta mutum ne. Atika ta kama hannunta ta kai ta kujera, alhali kowa a gidan ya san Inna ba ta son a ja ta.

Daga ranar Inna ta daina fitowa falo. A ɗakinta take salla, a can take cin abinci. Da na tambayi Atika ko jikin ne, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta gaya mini cewa wayar nan ita ce hanyar Inna. Da yatsa take binta daga ƙofa zuwa kujerarta, haka kuma idan za ta fita alwala. Ba wanda ya koya mata, ita ta gano abinta, shi ya sa ko shara ake yi ba a gusar da wayar.

"Baban Nabila, har Nabila ta sani. Kai kaɗai ne baƙo a gidan nan."

Duk da haka ban sauko ba. Na ce a yi haƙuri horon ya wuce. Ranar Talata na sa sabon yadi da hula, na shafa turare kamar ana jin ƙamshi ta kwamfuta, na zauna gaban littattafaina. Ana farawa mai koyarwar ta roƙi kowa ya kashe kyamara, saboda sabis ba shi da ƙarfi. Haka na wuni a zaune, ba wanda ya ga ko kan hulata.

Wajen azahar Atika ta shigo da babbar ƙwaryar fura. Ta ce Inna ce ta sa a dama, don ta ji an ce saboda baƙi aka gyara falo, kuma tana tambaya ko sun iso lafiya.

Ana tashi daga horon na ɗauko guduma na shiga cire ƙusoshi, kowace na fitowa da guntun siminti. Da aka zo mayar da kaya kuma sai na rasa inda komai yake da. Inna ce ta zauna kan kujerar tsuguno a bakin ƙofa tana ba ni umarni, in matsa gabas kaɗan, in dawo, na wuce wuri. Na roƙe ta ta bari in manne wayar da ƙasa don kada ta harɗe ta, ta yarda. Da ta gwada ta ce salatif ɗin ya yi yawa, yatsanta ba ya jin komai, sai da na ɓare rabi. Ta bi wayar a hankali har kujera, ta zauna, ta ce a kunna mata fanka.

Teburin kuwa an rasa inda za a sa shi, na fitar da shi zaure, can nake aikina yanzu. Jiya wani dattijo maƙwabcinmu, Malam Yahaya, ya kawo mini katinsa na ɗan ƙasa in yi masa kwafi, wai ya ji na buɗe shago. Na ce masa ba ni da injin. Sai ya ba ni shawara in daure in saya, in dai da gaske nake son sana'ar.