Gwajin Iri a Shagon Muzammil

Ni na fara gani. Kafin Muzammil mai gyara ya gani, kafin ita kanta mai kayan ta gani, ni Abbakar na Barwa, da ban taɓa zama kan bencin lakwal, wato makarantar boko, ba ko na yini guda, ni na ga aikin nan bai yi ba. Ƴata Mansura ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, kuma na ce mata in ta rage kalma guda zan sani, don sai ta karanta mini daga farko.

Shekarata saba'in da ɗoriya. Na ga farin da ya kashe shanu har ungulu ta ƙi tashi. Na baro Barwa da ƙafa ranar da aka shigo mana da bindiga, Mansura na bina a baya tana kuka. Sau biyu kogin Komadugu ya cinye mini gonar tattasai a nan bakin Diffa, sau biyu na sake dashe. To irina ne za a ce wa, "Baba, koma can ka zauna, wannan ba fanninku ba ne"?

Ga yadda aka yi. Mansura tana iniversite, tana rubuta abin da suke ce wa memuwar, littafin da ɗalibi ke kai wa malamai kafin a ba shi takardar gamawa. Nata a kan noman tattasai ne. Shekara guda da rabi tana bin manoma fadama fadama, tana tambaya, tana ɗaukar muryarsu, tana rubutawa. Duk wannan wahala tana cikin ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, irin mai naɗewa da ake sawa a jaka. Ranar Alhamis za ta kai littafin. In Alhamis ta wuce, sai baɗi.

Ranar Lahadi injin ya fara iskanci. Ta buɗe, ya yi aiki kaɗan, sai ya sandare, fuskarsa ta koma shuɗiya. Ta kashe, ta kunna, haka. Litinin yarinya ko fura ba ta sha ba. Talata, ranar kasuwa fa, na bar buhunana a hannun maƙwabci na ce mu tafi wurin mai gyara. Ta ce, "Baba, ni kaɗai ma zan iya." Na ce na sani, wuce mu tafi.

Muzammil yana da shago a bayan tasha, ɗan ƙarami, wayoyi sun cika shi kamar saƙar gizo. Mutum ne mai hankali, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma hannunsa ya fi kansa sauri. Ya danna nan, ya danna can, ya ce, "Sistem ne ya lalace. Sai an sa sabo."

Na ce, "Mene ne sistem?"

Ya ce, "Baba, shi ne abin da ke tafiyar da injin duka. Za mu share na ciki gaba ɗaya, mu zuba wani."

"Ku share har da me?"

"Har da komai. Amma kar ka damu, sai mun kwashe aikinta tukuna."

Wannan na gane. Ba a sa wa gona wuta sai an fitar da iri. Mansura ta miƙa masa kile ɗinta, ɗan ƙarfen nan kamar ɗan yatsa da ake ajiye rubutu a ciki. Ya soka a gefen injin, ya ja wani abu mai ruwan ɗorawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ban gama gyara zamana kan benci ba, ya ce, "Ya shiga."

Na ce, "Me ya shiga?"

"Aikinta."

"Duka?"

"Duka, Baba."

A nan jikina ya ba ni. Ni ban san baƙi ba, amma na san ɗura. Watan jiya da idona na ga Mansura ta zuba wa ƙawarta muryar mutum biyu kacal a irin wannan kile, sai da na sha shayi zagaye na farko kafin ya gama. Yau ga muryar manoma sun fi arba'in, ga hotuna, ga rubutun shekara da rabi, wai duk sun shige kafin ƙiftawar ido. Buhun da ya cika da wuri, iska ce a ciki.

Na ce, "Ɗana, bai shiga ba."

Ya yi dariya. Ba dariyar raini sosai ba, irin wadda ake yi wa tsoho don a rabu da shi, wadda ta fi raini ciwo. Ya ce, "Baba, zo ka gani." Ya buɗe kile ɗin, ya danna abin, sai ga rubutun Mansura ya fito a fuskar injin, har da hoton gonata. "Ka gani? Ga shi nan. Mansura, ba shi ne ba?"

Ta ce, "Shi ne. Baba, don Allah ka bar shi ya yi aikinsa, lokaci na tafiya."

Ƴar da na haifa! Rubuta haka, Mansura, kar ki tsallake.

Muzammil ya zare nata, ya ɗauko nasa kile mai sabon sistem, ya soka, ya kashe injin ya kunna. Wasu rubuce-rubuce suka yi ta wucewa, ya yi ta dannawa. Can ya tsaya, ya ce, "Yanzu yana tambaya ko a share. Da na danna nan, shi ke nan."

Ban tsaya gardama ba. Na miƙe, na kife injin, na sa shi a hammata da kile ɗinsa a jiki.

"Kai Baba! Za ka karya mini kile!"

"Gara kile da shekarar ƴata."

"Ai na nuna maka ya buɗe!"

Na ce, "A ina ya buɗe? A cikin uwarsa. Kai ɗan wane gari ne da ba ka san gwajin iri ba?"

Ya ce shi ɗan Maine-Soroa ne, dabino ya sani. Na ce shi ya sa. Mu a fadama, in mutum ya ware irin tattasai, ba ya leƙa buhu ya ce ja ne, ya yi kyau. Sai ya ɗebi ƙwaya ashirin, ya jiƙa tsumma, ya naɗe su, ya kai inuwa nesa da buhun. Bayan kwanaki ya buɗe. In sun tsira, iri ne. In ba su tsira ba, yaji ne, a kai wa mai miya. Na ga mutanen da suka raina wannan, suka share fili, suka yi ban ruwa sati biyu, ba abin da ya fito sai ciyawa. Na ce, "A kai kile ɗin nan wani inji da bai san Mansura ba. In ya tsira can, ka share."

Ya ɗaga hannu sama. "Baba, injina yana da aikin wani a kai. Ga mutane suna jira. Shekara takwas ina wannan sana'a."

"Shekara takwas? Takalmin da ke ƙafata ya girme ta."

Mutanen da ke jira suka fara guna-guni. Wani mai wayar da ta faɗa ruwa ya ce, "Tsoho, a yi haƙuri mana, ba fadama ba ce nan." Na ce masa da ka san fadama da wayarka ba ta sha ruwa ba. Mansura ta rufe fuska da mayafi, wai kunya. Ni kuwa kunya ta bar ni tun a hanyar Barwa.

Shago na uku daga na Muzammil akwai Zainaba mai fotokofi, Bafillatana ce, ba mu haɗuwa ba mu taɓa juna ba. Na nufi can da inji a hammata, Mansura na bina, Muzammil na bin kile ɗinsa.

Tana ganina ta ce, "A'a, Babarbare da ordinatar! Yau tattasai ya yi kasuwa ke nan. Baba Abbakar, ka san ta inda ake buɗe shi kuwa, ko in kawo maka wuƙa?"

Na ce, "Baiwata, bar surutu, ubangidanki ya zo da aiki. Soka wannan a injinki."

"Wa ye bawan wani? Kawo nan, kar ka ci shi."

Ta soka kile ɗin Mansura. Abin mai ruwan ɗorawa ya fito. Muzammil ya ce, "To ga shi, Baba, hankalinka ya kwanta?" Na ce a danna. Zainaba ta danna. Wani ɗan akwati ya fito da rubutu, injin ya yi ƙara ɗaya. Ta sake dannawa, ƙara ɗaya.

Na ce, "Me ya ce?"

Mansura ce ta karanta. "Wai bai ga abin ba."

Muzammil ya sunkuya, ya ƙura ido, ya dafe kai. Ya ce, "Inna lillahi. Rakursi ne." Na ce a yi mini Hausa. Ya ce abin da ya kwasa alama ce kawai mai nuna hanya zuwa inda aikin yake a cikin injin Mansura. A can yana buɗewa don aikin na kusa. A nan babu komai.

Na ce, "Wato marfin rumbu ka ɗauko ka ce ka kwashe hatsi."

Zainaba ta yi guɗa a tsakar kasuwa. Ta ce, "Yau Babarbare ya yi hankali, a rubuta ranar!" Mansura kuwa ta zauna kan kwalin takarda. Da yatsa guda ya sauka ɗazu, shekara da rabi ta tafi, har da muryar Alkali abokina, wanda ya yi mata bayanin yadda muke dashe a Barwa, ya rasu da azumin bara. Wa zai sake tambayo shi?

Muka koma. Yanzu Muzammil ba ya dariya. Ya fitar da nasa kile, ya lallaɓa tsohon sistem har ya tashi, ya shiga can ciki ya nemo ainihin wurin. Sau biyu injin na sandarewa ana sakewa daga inda aka tsaya. Wannan karon wani koren layi ya fito yana tafiya kamar ruwa a doguwar kwata, muka yi sallar azahar muka dawo bai kai ƙarshe ba. Na ce yawwa, haka ɗura take.

Da ya gama, Muzammil ya ce, "Baba, yanzu kam ya shiga, ka ga nauyinsa." Na ce ban ga komai ba, mu koma wurin Bafillatana. Ya zare kile ɗin, ya bi ni. Zainaba ta soka. Rubutu ya fito, Mansura ta bi shi shafi shafi har na ƙarshe. Na ce a sa murya. Sai ga Alkali yana tari, yana cewa, "Ƴata, tattasai ba ya son gaggawa." Na ce to, ya tsira. Je ka share.

Kada wani ya zaci sa sistem ɗin kansa abin kirki ne. Tambaya ce da shi kamar ɗan sanda a shinge. Wane yare kuke ji? Na ce a sa Barbarci, aka ce babu. Wane gari kuke? Na ce Diffa, aka ce sai dai Yamai. Sai ya ce a jira. Ya mutu, ya tashi da kansa, ya sake cewa a jira. Wasu ɗigo-ɗigo suna ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Na tambayi Muzammil me yake yi, ya ce yana shiri. Har la'asar yana shiri! Ni da zan yi wa ɗan ƙwadago haka, da tuni na sallame shi. Kasuwa ta watse, buhunana ko ɗaya ban sayar ba.

Daga ƙarshe fuskar ta haskaka, fes, babu komai a kai, kamar filin da aka gama sharewa. Aka maida aikin Mansura, ya buɗe, bai sandare ba. Laraba ta gyara abin da ya rage, Zainaba ta buga mata shi a takarda, Alhamis da hantsi ta kai wa malamanta, suka karɓa.

Abin da ke ci mini rai, har na sa a rubuta wannan, shi ne abin da ya biyo baya. Yanzu duk wanda ya kai inji wurin Muzammil, sai ya aika da kile shagon Zainaba a gwada kafin ya share. Madalla. Amma na ji da kunnena yana ce wa wani malamin lakwal, "Ni ƙa'idata ce, tun da can haka nake aiki." Tun da can! A majalisarmu kuma, da na ba da labari, wani ya ce wai Mansura ce ta gano, tsoho rakiya kawai ya yi, mutumin da bai san alif ba ina shi ina ordinatar.

To ina nan. Kowace Talata ina kasuwar tattasai, layin gabas, kan tabarmata. Duk mai shakka ya zo ya same ni, in kama hannunsa mu je shagon Muzammil, a kira Zainaba, ya tsaya gaban su biyun ya maimaita abin da ya faɗa a bayan idona. In ya iya, buhun da ya fi so a cikin nawa, ya ɗauka ya tafi.