Danshi a Yashin Rafi

A shekarar babban farin nan, rafin da ya ratsa tsohon garin Gaya ya ƙafe ƙaf, sai yashi. Amma wa zai iya hana Malam Kabo zuwa? Tun da idonsa ya tafi, kullum da hantsi sai matarsa Gaji ta ja masa sanda zuwa gindin tsamiyar bakin rafi, ya tura hannu cikin yashi har gwiwar hannu. Haka ya gada: in aka ji danshi, to an yi ruwa can inda rafin ya taso, damina na tafe. Sai a yi binne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa.

Irin geron da ya rage musu kuwa ƙwarya ɗaya ce tak. In ta salwanta, bana ba su ba shuka.

Kullum sai ya zaro hannu a bushe, ya koma gida ko kunu ya ƙi sha. Tsoho yana ta ramewa, tausayi ya ishi Gaji. Rannan ta riga shi zuwa, ta juye rabin tulu a wurin, ta rufe da busasshen yashi. Ita dai so take ya ci abinci.

Da ta kai shi, ya tura hannu ya ji danshi. Suka koma gida ya ci kuwa, har da neman ƙari. Da ya wanke hannu sai ya ce, "Gobe binne."



Washegari suka isa gona, yana sara da sungumi, tana biye da ƙwarya. Ta ɗebi iri, ta dubi sama fes ba ko gajimare, hannunta ya ƙi buɗewa. Ta durƙusa.

"Malam, ka yafe mini. Ruwan jiya ni na zuba."

Ya dogara da sungumin.

"Na sani," ya ce. "Yaushe yashin rafi ya fara ƙanshin turaren tulunki? So na yi in yarda, Gaji. Na gaji da rashin yarda."

Ta fashe da kuka. Ya lalubo bakin ƙwaryar, ya mayar da faifan ya rufe da kansa.

"Mu kai shi gida. Gobe ma ki kai ni rafi, amma kar ki ƙara zuba ko ɗigo. Na san nisan rijiyar da kike ɗebo shi."