Akwatin Da Ke Gumi

A ƙungiyarmu ta adana tarihin gari, doka ɗaya ce ba mu taɓa karyawa ba: duk abin da aka kawo daga gidan kakanni, karɓa ake yi. Shi ya sa ɗakin gungumen da Verna Koskela ke kula da shi ya cika da tsoffin fitilu da garmuna da tarkacen da ko masu shi ba sa so. Kakanta ne ya gina ɗakin da gatarinsa, shi ne gida na farko a wannan lungu na arewacin jihar Minnesota ta Amurka. Verna ta haura tamanin, amma kullum da yamma sai ta tako ta duba ko tagar baya a rufe take, kada ruwa ya shiga. Na sha gaya mata ta fi son ɗakin nan a kan 'ya'yanta, ba ta taɓa musawa ba.

Ranar Asabar jikan marigayi Arvid Maki ya share rumbun kakansa, ya dire mana wani akwatin katako a ɗakin ya yi gaba. Na shigo da kofi na tarar da Verna zaune, akwatin a cinyarta, ta sa farar safar hannun da muke taɓa kayan tarihi da ita.

"Ardis, miƙo min sukudireba," in ji ta. "Ƙusoshin sun yi tsatsa."

"Me ke ciki?"

"Da na sani zan nemi sukudireba? Tun da na ɗauke shi ma kaina ke sarawa."

Nan na tuna wani abu. Mahaifina na cikin waɗanda suka tumɓuke kututture da nakiyar fasa dutse don buɗe gona, kuma duk ranar da ya taɓa ta, da ciwon kai yake dawowa. Na sunkuya. Gindin akwatin ya jiƙe da maiƙo, wani farin abu kamar gishiri ya feso a tsagin katakon. Tsohuwar nakiya in ta fara gumi haka ba ta jiran ashana, ɗan bugu ya ishe ta ta fashe.

"Verna, kada ki motsa."

"Ke dai da iyayi."

"Nakiya ce a cinyarki, kuma ta yi gumi."

Ba sai na ƙara ba, ita ma 'yar manoma ce. Ƙafarta ta dama, wadda ta soma rawa tun bara, sai ta kama aikinta. Akwatin ya shiga kaɗawa. Na durƙusa na danne gwiwar da hannu biyu, tsoro kamar ya kashe ni, ƙafafuna ba abin da suke so sai ƙofa.

"Fita," in ji ta a hankali. "Kina da jikoki."

"Yi min shiru, tsohuwar banza. Kama can, in kama nan."

Muka ɗaga shi tare, numfashi ma da kyar muke yi. Wata ƙusa ta kama siket ɗinta, sai da na ja zaren da haƙori ya tsinke. Da akwatin ya taɓa ƙasa katakon daɓe ya yi ƙara, na ji fitsari ya kusa kufce min. Muka fita da sanɗa, muka kira 'yan sanda.

Masu kwance bam suka iso daga birni, shugabarsu ta leƙa sau ɗaya ta fito. Ta ce ba mai sake ɗaga akwatin nan, a inda yake za a ƙone shi.

"Da ɗakin?" in ji Verna.

"Da ɗakin, Baba."

"To, a bar ni in ɗauko gatarin kakana."

"Ba mai shiga."

Har safar hannun Verna suka karɓe, don ta sha maiƙon. Aka janye mu can bayan coci, 'yan kwana-kwana suka kewaye wurin. Ina riƙe da ita lokacin da wuta ta kama rufin, ina kuka ba kunya. Ita ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta matse hannuna.

"Ardis," in ji ta, "na rufe tagar baya kuwa?"