Razdan Ya Ƙi Tafiya Yerwa

Yakaka tana durƙushe a gindin rumbu da kan busasshen kifi a hannu, tana ta "mus, mus," kamar dai muzurun ya taɓa amsa wannan kira a rayuwarsa. Ba ya ƙarƙashin rumbun. Ba ya bayan randa, inda yakan miƙe in rana ta take. Tun da safe da ya ga an fara naɗe tabarmi ana ɗaure kwanuka, ya tsaya a tsakar gida ya ƙare wa kayan kallo, ya hau katanga, ba a sake ganinsa ba.

"Iya, lori fa ba ta jiran mutum," in ji Basiru, yana duba agogon hannunsa.

Basiru autanta ne, akawu a ofishin En'e, hukumar gargajiya, a Yerwa. Jiya ya iso Potiskum da kwat a jikinsa, cikin zafin bazarar nan, da alƙaluma biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu. A ofis Mista Basiru ake ce masa, kuma ya so a ci gaba da hakan a gida, sai dai labarin bai iso wa uwarsa ba.

"Auta, matsa, ka tare mini haske."

Ba ta daɗe da fita takaba ba. Basiru ya riga ya yanke magana: gidan zai bar wa Baffa Modu, ƙanen marigayi mahaifinsa, ya zauna da iyalinsa, ita kuma ta koma Yerwa wurinsa. Ba ta san kowa a can ba sai surukarta, wadda aka ce da cokali take cin tuwo. Yakaka ba ta yi musu ba. Ta bar turminta, ta rabar da kajinta, ta yarda ta bar rijiyar da mijinta Ba Zarami ya haƙa da hannunsa. Abu ɗaya ta ce: ba za ta hau mota ba sai da Razdan, muzurun nan.

Marigayi Ba Zarami ne ya sa masa sunan. Ya ce ai halinsu ɗaya da Razdan, Baturen da ke mulkin lardi: sai ya ɓullo lokacin da ba a zata ba, ya zaga ɗaki-ɗaki yana shinshine-shinshine, ba ya gaida kowa, a ba shi abinci ya ci, ya tafi ba godiya. In kaza ta leƙa ƙaskonsa, ya bar abincin ke nan. Ruwan randa bai ishe shi sha ba, sai wanda ya zuba daga butar alwalar maigida. Wata rana ya zame daga kan katanga, Yakaka ta yi dariya, ya yi gaba da ita har aka ga watan azumi. Ita ke dafa abin da yake ci, amma a wurinsa matsayinta bai wuce na kuku ba. Cinyar Ba Zarami kaɗai ya sani.

"Iya, an rubuta a littafin kiwon lafiya, gashin kyanwa yana kawo tarin fuka," in ji Basiru. "Likitan Turawa ne ya rubuta."

"Ubanka shekara da shekaru a kan ƙafarsa yake kwana. Ba tari ya kashe shi ba."

"To ko ba haka ba, shi wannan muzurun ai ba ya ƙaunarki."

"Na ce maka yana ƙaunata?"

Fanne, matar Baffa Modu, ta shigo da tsintsiya a hammata. Dama gidansu zana ce kawai ta raba shi da wannan. Ta yi sallama tana gaisuwa, idonta yana kan ɗakin da za ta sa gadonta.

"Yaya, har yanzu Baturen naku bai sauko ba? Ki bar mana shi mana. Ɓeraye sun ishe ni. Kuma kyanwa ko kin kai ta Makka, gidan da ta saba za ta nema."

Yakaka ta ci gaba da leƙa ƙarƙashin rumbu. 'Yan gaisuwa sun daɗe da ɗaukewa. A kasuwar hatsi wani ya riga ya shimfiɗa buhunansa a rumfar Ba Zarami. Kowa ya ce Allah ya jiƙansa, ya koma harkarsa. Duk garin Potiskum, muzurun nan ne kaɗai bai yarda ba tukuna. Kullum la'asar, lokacin dawowar maigida daga kasuwa, sai ya je zaure ya zauna, ya sa wa ƙofa ido. In ta tafi ta bar shi, a Yerwa ita kaɗai za ta riƙa sanin wace ce la'asar.

Basiru ya sake duba agogo, ya yi tsaki, ya ɗauko wani tsohon buhun gyaɗa ya kakkaɓe, yana nisanta shi da kwat ɗinsa.

"Shi ke nan. In ya zo ni zan cusa shi a nan. Amma ya zo yanzu. Direban ya ce in an idar da azahar ko uwarsa ce ba zai jira ba."

Yakaka ta miƙe da ƙyar, ta dafa rumbu. Ta daɗe tana kallon kan kifin da ke hannunta.

"Ku zo zaure," ta ce. "Kada wanda ya yi magana. Kada kuma wanda ya kalle ni."

Suka bi ta. Basiru ya laɓe a bayan ƙyaure da buhu a buɗe, Fanne ta tsaya a lungu. Yakaka ta je bakin ƙofar waje, ta juya musu baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Sai ta yi gyaran murya. Ba irin na mata ba. Mai kauri, daga ƙirji, a ja shi a sake shi, sannan a ɗora ɗan gajere a kai. Haka Ba Zarami yake yi in ya dawo daga kasuwa, kafin ya yi sallama, don matan da suka shigo hira su gyara lulluɓi.

Buhun ya sulluɓe daga hannun Basiru.

"La'ilaha illallahu," Fanne ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Yaya, ashe ke ce? Duk takabar nan ina jin wannan ta bayan zana, ina tofe 'ya'yana da addu'a!"

"Ya ƙi cin abinci," in ji Yakaka, ba ta juyo ba. "Har haƙarƙarinsa ya fito. Sai in na yi haka yake zuwa."

Suka ji dirowarsa daga katanga. Razdan ya shigo zauren a guje, jela a miƙe, yana wani siririn kuka kamar na ɗan jariri, shi da ko taka shi aka yi ba ya buɗe baki. Ya wuce Fanne, ya wuce buhun da ke ƙasa, ya wuce ƙafafun Yakaka, ya leƙa waje. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Wani mai jaki ne kawai yake wucewa da itace.

Jelar ta sauka a hankali. Ya juyo ya kalli Yakaka, irin kallon da Di'o, Baturen gunduma, yake wa masinjan da ya kawo takardar da ba ita ba. Ta ajiye masa kan kifin. Ya shinshina, ya ɗan gatsa gefe ɗaya, ya koma ya zauna daidai inda yake zama, fuskarsa ga ƙofa.

Ga shi nan, ko yaro ya miƙa hannu zai kama shi. Basiru ya sunkuya ya ɗauki buhun.

"Bar shi, Auta."

"Iya, ke kika ce…"

"Na ce. A Yerwa wace ƙofa zai zauna yana kallo? Naɗe buhun."

Ta juya wajen Fanne. Muryarta ta koma irin ta mai ba da sallahun cefane.

"Kada ki zuba masa inda kaji suke. In ya faɗo daga wani wuri, ki yi kamar ba ki gani ba. Kuma la'asar in ta yi, ki zo nan ki yi yadda na yi. Gwada in ji."

Fanne ta ajiye tsintsiya, ta dafa ƙirji, ta yi wani abu kamar akuya ta haɗiyi ƙwallon goriba. Razdan ko kunne bai motsa ba.

"Daga ƙasa za ki ɗauko shi. Ki ja, ki sake, sannan ƙaramin."

Fanne ta sake gwadawa, har ta ƙware da gaske, hawaye ya zubo mata. "Wallahi Yaya ba zan iya ba. Sai dai in sa Modu, ai ɗan'uwansa ne."

"Modu muryarsa ta uwarsu ce," in ji Yakaka.

Daga can wajen tasha aka ji lori ta yi oda, ta ƙara. Basiru yana tsaye da buhu a naɗe a hannu, ya manta da agogo. Ya buɗe baki zai ce su tafi, maganar ta maƙale masa a wuya. Ya kau da kai wajen bango, ya gyara murya don ta fito, mai kauri, daga ƙirji, da ɗan gajere a kai.

Razdan ya zabura ya miƙe tsaye. Yakaka ma ta waiga, ba wajen ɗanta ba, wajen ƙofa, hannunta ya riga ya kai ga mayafi tana gyarawa.

Ba kowa a ƙofar.

Ta tsaya kaɗan. Sannan ta sunkuya ta ɗauki ƙullin kayanta, ta raɓa ta gefen muzurun don kada ta tare masa hanya, ta fita.