Ragowar Kifuba

Kembabazi ba gudummawa ta kai taron ba, faɗa ta tafi yi. A kanta ta ɗauko kututturen ayaba da aka tsage biyu aka ƙwaƙule ɓargonsa. Aikin Kifuba ne, ƙaton goggon birin nan mai furfura a gadon baya, da ke fitowa daga dajin Bwindi ya yi kalaci a gonarta kamar ubansa ne ya shuka. Layin ayaba biyu kacal suka rage mata, su ne ke yi wa kabarin mijinta inuwa. In suka ƙare, 'yarta ta riga ta yanke, sai ta tattara ta koma wajenta a Kabale. Ba abin da Kembabazi ke tsoro a duniya kamar wannan.

Taron kuwa na shinge ne. Za a sayi dashen shayi a jera tsakanin daji da gonaki, tunda goggon biri ba ya cinsa kuma ba ya son ratsa shi. Shi ya zauna lafiya ba mai ɗaga masa mashi, gonaki su huta. Kowa ya kawo abin da ya samu a yi gwanjo, wanda kayansa ya fi daraja shi zai zaɓi inda za a fara. To ita me za ta kawo, bayan ɓarawon ya cinye?

Ta iske filin coci ya cika maƙil. 'Yan makaranta sun sa fuskokin biri na kwali suna dukan ƙirji, ga kaji, ga zuma, ga bunsurun dagaci da kowa ya san shi zai lashe. Mai gwanjon Ndyanabo ne, ƙanin mijinta, mutumin da zai sayar maka da takalmin ƙafarka har ka yi masa godiya.

Ta ratsa mutane ta maka kututturen a tebur, tim!

"Ga aikin ɗan gatan naku! Ku gani da idonku!"

Fushi ya sa ta manta dokar wurin: duk abin da ya hau teburin nan ya zama na gwanjo. Ndyanabo ya ɗaga kututturen sama kamar an haifa masa ɗa.

"Jama'a, matar yayana ta zo da kaya! Ragowar Kifuba da kansa! Ga sawun haƙori, ga yawu bai ma bushe ba!"

"Kai, ajiye min! Shaidata ce, mara kunya!"

"Kun ji, har shaida gare shi! Wa zai taya?"

'Yan dakon da ke raka baƙi cikin daji suka fara tayawa, wai za su rataye shi a rumfarsu baƙi su riƙa ɗaukar hoto. Matan saƙar kwando suka ce ba a isa ba, suka ɗora. 'Yan dako suka ƙara da tulun zuma, mata suka rama da buhun dankali. Aka sallama wa matan. Kamar yadda aka saba, suka mayar da shi tebur a sake sayarwa, guɗa ta tashi.

Kembabazi ta ga shaidarta na shirin barin gari. Ba ta san lokacin da ta ɗaga hannu ba.

"Kazata mai kwanci, da ƙwanta!"

Wuri ya kaure. Malamar makaranta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Mai kaya ma ta taya!" in ji Ndyanabo, yana share hawaye. "Yaya, ashe son shi kike yi a ɓoye?"

"Son uwaka!" Amma ita ma dariyar ta ƙwace mata.

Sau huɗu kututturen nan yana hawa tebur. Bunsurun dagaci da aka zo kansa, ko rabi bai kamo ba, ya tsaya yana cin igiyarsa.

Ndyanabo ya buga tebur, ya ɗaure fuska.

"Akwai matsala. Haƙori aka saya, ba ayaba ba. Kenan kayan Kifuba ne, shi zai zaɓa. Wa zai je ya tambayo shi?"

Jama'a na ta ƙunshe dariya. Kembabazi kuwa ba ta san ko wasa yake yi ba. Ta gyara ɗaurin zaninta.

"Ba sai an je ba. Shekara uku yana zaɓe, kuma bai taɓa zaɓar gonar kowa ba sai tawa."

Kiɗan ganga ya ɓarke. Aka shiga rawar tsalle ana dirka ƙasa har kaji suka tsinke igiya. Wata ta ɗora wa Kembabazi fuskar kwali, ita kuwa ba ta cire ba, don kuka take yi a ciki na murna. Ta janyo hannun Ndyanabo ta ce masa a kunne, ya fara haƙa ramin farko daidai bakin kabarin yayansa.